Kwalbar da Jumai ta Aika wa Surukinta

Zafin ya fara zuwar wa Jumai ne a shekarar da al'adarta ta ɗauke. Ba irin zafin Lafia ba ne da kowa ya sani, wanda ke kora 'yan acaɓa gindin mangwaro da azahar. Wannan daga ciki yake tasowa. Tana zaune a rumfarta a kasuwa, tana auna wa mai saye gishirin Awe ko tana ƙulla daddawa, sai ta ji kamar an hura murhu a ƙirjinta. Wutar ta hau wuya, ta hau fuska, gumi ya keto mata har cikin kunne. Kafin ta gama ƙulle leda rigarta ta jiƙe sharkaf. Can kuma sai ya tafi abinsa, ya bar ta da sanyi a gadon baya da jin haushin duk wanda ya yi mata magana.

Ta sha saiwa, ta sha sassaƙe, ta sha rubutu. Mijinta Malam Babandi, wanda bai taɓa ganin ciwon da ba hawan jini ba, ya ce hawan jini ne. Aka gwada, jininta lafiya lau. Sai ya ce to ta rage faɗa, ya ɗauki rediyonsa ya koma zaure. Haka ta yi ta fama ita kaɗai, barci rabi da rabi, wanka ba adadi, har ta fara tsoron shiga taron mata.

'Yarta ta fari, Zuhra, tana auren wani yaro mai natsuwa, ɗan mutanen Doma, sunansa Muhyiddin. Yana karatun babban digiri a jami'a, kan abinci da lafiyar jiki. Tun da aka ɗaura auren nan, har aka haifi Afra'u ta shiga makaranta, babu abin da ya taɓa shiga tsakanin Jumai da surukinta sai gaisuwa. In ya zo gaisuwar Juma'a, tun daga bakin tsakar gida yake cire takalmi, ya durƙusa a bayan labule, idonsa a ƙasa. Ita kuma ta ja mayafi ta amsa tana kallon bango. Ba ta taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, ba ta taɓa kama sunansa ba. Baban Afra'u take cewa, kamar yadda ita Zuhrar ma ba ta da suna a bakinta sai “ke”. Jumai tana alfahari da wannan, kuma ba ta ɓoyewa. A garin da yanzu surukai mata ke shiga gaban mota su yi ta hira da mijin 'ya har da shewa, ita ta riƙe abin da ta tashi ta gani a gidansu a Ashige. In aka raba ta da wannan kunyar, ba ta san me zai rage mata a idon yaron ba.

Wata Asabar Zuhra ta shigo da fara'arta, ta zauna a bakin gado tun kafin a ce mata zauna.

“Inna, aikin Abban Afra'u ne zai raba ki da zafin nan, in Allah ya yarda.”

Ta yi mata bayani dalla-dalla, yadda mijinta ya yi mata. A hanjin kowane ɗan Adam, in ji ta, akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Ba cuta ba ne, zaman lafiya suke da mu, abin da muka ci shi suke ci. A cikin waken suya kuma akwai wani sinadari. A hanjin wasu matan, halittun nan sukan juya shi ya koma wani abu mai kama da wanda jikin mace ke rage yi in ta manyanta, kuma ana kyautata zaton shi ke sassauta musu zafin. Wasu matan kuwa ba su da irin waɗannan halittun, ko buhu suka cinye haka zai wuce. Abin da Muhyiddin ke son sani shi ne mata nawa ne a Lafia ke da su, kuma ko awara tana yi musu amfani da gaske.

“To yaya ake gane mai su?” Jumai ta tambaya.

“Sai ki yi 'yan kwanaki kina cin awara, sannan ki ba da fitsarin safe a wannan.” Zuhra ta ciro wata 'yar kwalbar roba mai jan murfi daga jaka, ta ajiye a kan tabarma.

Jumai ta janye ƙafarta kamar an ajiye mata kunama.

“Wa zai duba?”

“Shi mana. Ai aikinsa ne.”

“Ke, kina cikin hankalinki kuwa?”

“Inna, lamba ake rubutawa a jiki, ba suna ba.”

“Wa ke rubuta lambar?”

Zuhra ta kau da kai, don shi ne ke rubutawa.

Jumai ta taɓa gani a asibiti yadda ake ɗaga irin kwalbar nan sama a haska ta a duba. Ta hango surukinta, da farin gilashinsa, yana ɗaga tata, sai ta ji gara ƙasa ta tsage ta shige. Ta buɗe baki za ta ce ba za ta yi ba, Zuhra ta riga ta. Matan unguwa duk sun noƙe, in ji ta, suna tsoron a yi musu asiri da fitsarinsu. Talatu mai koko ta ce ko yanka ta za a yi ba za ta bayar ba. Amma dukkansu bakinsu ɗaya: in surukarsa ta bayar, su ma za su bayar. Yaron nan bai taɓa neman komai a wajen Jumai ba, ko ruwan sha. Wannan ne na farko, shi ma bai iya faɗa da bakinsa ba. Ta ɗauki kwalbar da bakin zani ta tura ta ƙarƙashin gado.

Maƙwabciyarta a kasuwa ita ce Doofan, wadda ake kira Maman Terngu, 'yar ƙabilar Tibi mai sayar da waken suya da riɗi, mace mai ƙiba da dariya har da dukan cinya. Sa'o'in juna ne. Tun 'ya'yansu suna goye suke cin abincin rana a kwano ɗaya, yau tuwon Jumai, gobe sakwarar Doofan. Hausar Doofan ba ta san mace ba ta san namiji ba, kowa “kai” ne a wajenta, kuma ba wanda ya taɓa jin haushi. Ita Jumai ta kai wa kukanta, a hankali, tana yi tana waige.

Doofan ta yi dariya har da hawaye.

“Maman Zuhra, kai da wahala kake. Don fitsari kawai? Abeg kawo kwalban, ni zan yi maka. Fitsari ba fitsari ba ne?”

Ai kuwa abin da Jumai ta zo ji ke nan. Ta auna maganar ta kowane ɓangare ta ga ba ta da aibu. Shekarunsu ɗaya, ruwan rijiya ɗaya suke sha a kasuwa, kwano ɗaya suke sa hannu. In ma da wasu halittu a ciki, to abin da ke cikin Doofan ai shi ke cikinta, tunda tare suka ciyar da su. Ba ƙarya ba ce ma in an bi ta a hankali, aike ne kawai, kamar yadda ake wakilta mutum wajen ɗaurin aure. Ta ci awararta na kwanakin da aka ce, don kada ta ci amanar aikin gaba ɗaya. Ranar da za a karɓa, Doofan ta zo da kwalbar a cikin kwanon riɗi. Jumai ta miƙa wa Zuhra, ta ji kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ka. Matan unguwa kuma suka bi sahu.

Bayan wasu makonni Zuhra ta shigo tana guɗa tun daga zaure, har Malam Babandi ya rage muryar rediyo. Sakamako ya fito. A cikin duk matan da aka gwada, babu wadda ta kama ƙafar Inna. Abban Afra'u ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, sai da ya maimaita gwajin don ya tabbatar. Matan da ba su da halittun, irin su Talatu, an haɗa su da wata likitar mata da yake aiki da ita, don ta duba abin da za ta yi musu. Masu su kuwa, maganinsu yana cikin kwanonsu: waken suya safe da yamma, sai a riƙa bin yadda jiki ke yi.

Jumai ma ta yi murna, tsakaninta da Allah. Ta ɗauka albarkar ta su biyu ce ita da Doofan.

Daga ranar gidan ya koma gidan waken suya. Da safe Zuhra ta aiko da awara ko ta kawo da kanta. Da rana madarar waken suya a gora. Da yamma kunu. Hatta daddawar kalwa da Jumai ke sayarwa da hannunta an cire ta daga miyarta an sa ta waken suya. Ta ci wata ɗaya, ta shiga na biyu. Cikinta ya kumbura kamar ganga, yana ƙugi a gaban masu saye. Zafin kuwa ko gezau. Yana zuwa a lokacinsa, ya yi abin da ya kawo shi, ya tafi.

Duk ƙarshen mako Zuhra za ta zauna da wayarta a hannu ta ce, “Inna, yaya zafin?”

Karon farko Jumai ta ce “da sauƙi” ba tare da ta yi tunani ba, don ita ce amsar da duk mai tarbiyya ke bayarwa ko da ana riƙe da shi ne. Zuhra ta danna waya ta tura wa mijinta. Karo na biyu Jumai ta so ta gyara, ta ce gaskiya dai har yanzu yakan zo. Amsa ta dawo daga suruki, cikin ladabi: a yi haƙuri a ci gaba, mai irin sakamakon Inna ai ita ce gaba wajen samun sauƙi, lokaci yake so. Me za ta ce? In ta nace cewa ba ya yi mata aiki, za a tambayi dalili, kuma dalilin yana bakin rumfa yana sayar da riɗi. Daga nan ta koma “da sauƙi”, ta zauna a kanta.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Talatu. Likitar ta duba ta, ta ba ta magani, ta ce ta rage yaji da shayi mai zafi. Cikin ɗan lokaci Talatu ta murje, tana barcinta har da munshari, in ji jikokinta. Amma kullum ta zo sayen gishiri sai ta langwaɓe kai.

“Ke dai kin ji daɗi, Jumai. Mu da Allah bai ba mu cikin kirki ba, sai haɗiyar ƙwaya.”

Jumai takan yi murmushi, gumi na gangara mata ta ƙarƙashin ɗankwali.

Labari ya bazu. Mata suka riƙa nuna ta a gidan suna da gidan biki, ga wadda awara ta warkar. Yanzu kuma ba ta da ikon yin gumi a bainar jama'a, don guminta ya zama shaida a kan aikin surukinta. Sai ta samo dabara: da ta ji wutar ta taso, sai ta ɗauki buta ta ce za ta sabunta alwala, ta dawo da fuska a jiƙe ba mai tambaya. A wani suna a bayan tasha ta yi ta alwala har uwar jego ta ce a ƙaro ruwa a randa. Mata suka ce Jumai ta ƙara riƙon addini. Malam Babandi kuma ya shaida wa abokan zamansa cewa tun da aka fara awarar nan faɗan gidansa ya ragu. Bai lura ba, magana ce ma gaba ɗaya ta daina yi.

Ta gwada zillewa. Ta ce bayanta ke ciwo, tana son ganin likitar nan ta Talatu, da niyyar in sun keɓe ta faɗa mata komai. Zuhra ta ce haba, ai ba za a bar Inna ta je ita kaɗai ba. Ta raka ta har cikin ɗakin, kuma tun kafin Jumai ta zauna ta gabatar da ita: wannan ita ce mai sakamakon nan. Likitar ta miƙe tsaye ta gaishe ta da hannu biyu. Jumai ta dawo gida da man shafawa na ciwon bayan da ba ta da shi.

Ta gwada kemis. Yaron kemis ɗin ya saurare ta da rabin kunne, ya ba ta kafso ja da rawaya ya ce taifot ne. Ko biyu ba ta sha ba Zuhra ta gan su a kan taga, ta dafe ƙirji.

“Inna, irin waɗannan ne fa ke kashe halittun. Abban Afra'u ya ce ko mura kika yi kar ki sha komai sai an tambaye shi.”

Ta kwashe su ta zuba a jaka. Jumai ta bi jakar da kallo. Cikin nata ne, ita ke ɗauke da shi, ita ke jin ƙuginsa, amma an kewaye shi ana gadi kamar gonar wani. Kuma duk gadin nan, ta fara zargin babu komai a gonar.

Ana cikin damina Zuhra ta zo da wata robar, mai faɗin baki, da ɗan cokali manne a murfinta. Wannan karon ita kanta sai da ta sunkuyar da kai kafin ta faɗa. Bayan gida ake so, ɗan kaɗan. Malamin da ke duba aikin Muhyiddin ya ce in har ya iya ciro halittun daga cikin matar nan mai babban sakamako, ya raya su a ɗakin gwaji, to aikinsa ya kammala, kuma zai amfani mata da yawa. Shekarun da ya yi yana wahala duk sun taru a kan wannan robar.

Jumai ta kai wa Doofan, a cikin kwanon daddawa. Doofan ta buɗe ta gani, ta rufe, ta tura mata abinta. Ba ta yi dariya ba.

“A'a, Maman Zuhra. Wannan kam ba zan yi ba.”

“Maman Terngu, ki rufa min asiri. Sau ɗaya ne ya rage.”

“Wane asiri? Ka duba madubi kuwa? Ka rame, idonka ya faɗa. Ni na ɗauka wasa ne wancan lokaci.” Ta matso da kujerarta, ta rage murya. “Bari in faɗa maka. Ni wannan zafi naka ban san shi ba. Nawa ya tsaya tun tuni, ko gumi ban yi ba. Mu tun muna yara a ƙauye waken suya muke ci. Cikina daban, cikinka daban. Yaron nan yana auna ni ne, yana ba ka magani na.”

Jumai ta daɗe da sanin haka a ranta, amma yau ta fara jin sa daga bakin wani.

“To yaya zan yi?”

“Ka kira shi ka faɗa masa. Mu ma muna jin kunyan suruki, amma ba har mutum ya dahu ba.”

Faɗa ya fi yi sauƙi. Jumai ta yi kwanaki tana juya maganar. In ta faɗa wa Zuhra, Zuhra za ta yi kuka, ta je ta faɗa masa a karkace, ko ma ta ɓoye don ta tsare aikin mijinta, su zama su biyu a cikin ramin. In ta yi shiru ta ce ba za ta ba da na biyun ba, ta kashe masa aiki ba dalili. In ta sami wata ta yi mata, ƙarya ta haifi 'ya. Duk inda ta juya bango ne. Daga ƙarshe ta yi ta maza, ta aika a ce wa Baban Afra'u tana son ganinsa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ya shigo danginsu.

Ya zo ranar Juma'a bayan la'asar, da farar shaddarsa. Ta ji lokacin da ya cire takalmi, ta ga inuwarsa ta durƙusa a bayan labule. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi aiki, aka tambayi mutanen Doma, aka tambayi ruwan bana. Gaisuwa ta ƙare. Ta tsara maganar tun da asuba, kalma bayan kalma, ba ta da tsawo.

“Dama maganar kwalbar nan ce ta farko,” ta ce da bango.

“Inna, don Allah kada ku wahalar da bakinku,” ya ce da sauri, murya ƙasa-ƙasa. Ya ɗauka kunyar ambaton abin ce ta sa ta tsaya, yana so ya ɗauke mata. “Ni ne ya kamata in zo tun tuni, nauyi ya hana ni. Na san abin da na nema ba ƙarami ba ne. Gwaggona da ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, na roƙe ta, ta ce in na sake yi mata maganar sai ta saɓa min. Ban ga laifinta ba. Ku kuwa da kuka fi kowa hujjar ƙi, ba ku ƙi ba.”

Jumai ta ƙara jan mayafinta. Ya ci gaba.

“Ina so ku sani, ban bar kowa ya taɓa ta ba. Ranar Lahadi na je ɗakin gwaji, ba kowa a wajen, na yi aikin da hannuna, na rufe. Ko ɗaliban da ke taya ni ba su san ta wace ce ba. Wannan ta biyun ma haka zan yi, in kun amince. In kuma ta yi nauyi, wallahi a bar ta, abin da kuka yi ya isa.” Ta ji yana jan numfashi. “Tun ranar da aka kawo min ita na san ina da uwa a gidan nan.”

A daidai nan wutar ta taso mata, daga ƙirji zuwa wuya zuwa fuska. Ta zauna cikin mayafi tana tsiyaya, tsakaninta da shi ƙyalle ɗaya. Tausayinsa ya kama ta, da haushin kanta, da wata irin kunya da ba ta san da ita ba. Duk tsawon watannin nan tana tsoron kada ya ga abin da ya fita daga jikinta ya raina ta. Ashe shi a kan abin nan ya ɗora girmanta, kuma ba ta ba shi ba. Ya je ranar Lahadi shi kaɗai ya tsare mutuncin fitsarin Doofan. Ba za ta iya ƙwace masa abin da ya faɗa ba yana durƙushe a ƙofarta.

“Allah ya yi albarka,” ta ce. “Allah ya ba da sa'a.”

Ya ce amin, ya ƙara godiya, ya ja da baya har inda takalminsa yake. Ta ji shi a zaure yana sallama da Malam Babandi, suna dariya kan wani abu da aka faɗa a rediyo.

Washegari da sassafe ta ɗauki robar ta shiga banɗaki. Ta daɗe a tsaye kafin ta yi abin da ya kai ta. Ta rufe murfin tam, ta sa a leda, ta sa ledar a wata ledar, ta naɗe da tsohon ɗankwali. Ta san abin da zai gani in ya buɗe. Zai nemi halittun ya rasa, ya maimaita ya rasa, ya zargi hannunsa da kayan aikinsa, ya hana kansa barci, alhali laifin ba nasa ba ne. Wannan kam ba za ta bari ba.

Da Zuhra ta iso da awarar safe, Jumai ba ta karɓi kwanon ba. Ta miƙa mata ƙullin.

“Ungo, ki kai masa. Ki ce na ce wannan shi ne nawa.”

Zuhra ta yi 'yar dariya. “To da na wa zai zama, Inna?”

“Ki faɗa masa yadda na faɗa miki. Kar ki ƙara, kar ki rage.”

Zuhra ta dube ta. Ta dubi wuyan rigar da ya jiƙe tun rana ba ta fito ba, ta dubi ƙashin wuyan da ya bayyana, ta dubi idon da ya zurma. Dariyar ta bar fuskarta a hankali.

“Inna, na farkon fa?”

“Tafi kafin rana ta yi zafi. Kin ce ba a son ya daɗe.”

Zuhra ta tsaya kamar za ta ƙara magana, sannan ta ajiye kwanon awarar a ƙasa, ta rungume ƙullin ta fita. Jumai ta ji ta tana tsayar da ɗan acaɓa a ƙofar gida, ta ji babur ɗin ya tashi. Sai da ƙararsa ta ɓace ta zauna a bakin gado. Juma'a mai zuwa zai zo gaisuwa, don ba ya fashi, kuma zai zo ne ya san komai. Ta ji tsoron ranar har cikin ƙashinta, kuma wannan karon babu wadda za ta aika ta zauna mata a bayan labulen.